Girman akwatin lasifika: me ya sa wani ke rugugi, wani ke ƙara kamar gwangwani?

Duk wanda ya taɓa tara jarka a bakin famfo ya san yadda amon ruwa ke ƙara siranta idan ta kusa cika. Iskar da ke ciki ce ke raguwa, amon kuma yana hawa. Haka abin yake a akwatin lasifika, wanda masu kiɗan biki a Maradi da Damagaram kan kai wa kafinta ya haɗa musu.

Idan fatar lasifika ta koma baya, tana matse iskar da ke rufe a akwati, iskar kuma ta turo ta. A ƙaramin akwati iskar na da tauri, fatar ba ta sakewa, sai kaurin sauti ya ɓace. Idan akwatin ya yi girma fiye da kima, fatar na lilo ba mai riƙe ta, da an ƙure ampili tana iya yagewa. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta yawan litar da ta dace da kowace lasifika. Lissafin ya samo asali daga aikin Neville Thiele na Ostireliya a 1961, wanda Richard Small ya faɗaɗa daga baya.

Awon ciki ake yi, ba na waje ba. A ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1000: akwati mai 78 da 48 da 30 zai ba da lita 112, sannan a cire wurin da lasifikar kanta ta ci.

Siffa ma na da nata tasiri, kuma nan aka fi yin kuskure. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, yana bugun bango yana dawowa. Tsakanin bango biyu masu tazarar santimita 60, wani amo na kusan hertz 280 zai riƙa taruwa har ya danne sauran. In tsawo da faɗi da zurfi duk 60 ne, amon ya taru sau uku a wuri guda, muryar mawaƙi ta fito kamar daga cikin randa. Gara ɓangarorin uku su bambanta, kada kuma wani ya zama ninkin wani. Auduga ko soso a bangon ciki na rage wannan amsa-kuwwa.

Ramin da ake hudawa a gaba ba ado ba ne. Yana aiki kamar bakin kwalba da ake hurawa: ƙara tsawon bututunsa na sauke amo ƙasa, faɗaɗa shi na ɗaga shi. Huda shi da ka, ba lissafi, caca ce.

Katako kuwa, ga babbar lasifika a nemi mai kaurin milimita 18, a sa masa tokara a ciki, a toshe kowace kafa da gam. A ƙwanƙwasa bangon da yatsa kafin a biya kafinta: in ya amsa kamar ganga, a ƙara tokara.