Kotun Majistare, Inda Talaka Ke Haɗuwa da Hukuma

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kotun majistare ya san yadda safiyar wurin take. Tun kafin ƙarfe tara harabar ta cika. Mata na zaune a gindin bishiya da kwanukan abinci a ƙulle cikin ɗankwali, suna jiran motar gidan yari ta iso ko sa ga ɗansu ko mijinsu. Lauyoyi na kai da kawo da fayil a hammata. Can sai a buga ƙofa, kowa ya miƙe, alƙali ya shigo ya zauna, magatakarda ya fara kiran ƙara. A wata irin wannan safiya na ga an shigo da wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, silifas ɗinsa wari da wari. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta tuhumar fashi da makami, tafinta ya mayar masa da Hausa. Da ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ce ya dakata, kotun ba ta da hurumin sauraron wannan laifi. Aka ba da umarnin a ajiye shi a gidan gyaran hali har shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Duka zaman bai kai minti biyar ba. Uwarsa ta biyo motar tana tambayar mutane, shin an ɗaure shi ne ko ba a ɗaure shi ba?

Tambayar tsohuwar nan ita ce ta sa ni wannan rubutu, domin amsarta tana buƙatar a san mene ne aikin majistare.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya raba iko gida uku: majalisa ta yi doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotuna su yi hukunci. Sashe na 6 ya jero manyan kotuna da sunayensu, tun daga Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa manyan kotunan jihohi da kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci. Kotun majistare ba ta cikin jerin. Dokar kowace jiha ce ke kafa ta, ita ke iyakance laifukan da za ta saurara da tsawon ɗaurin da za ta iya yankewa, kuma hukumar kula da harkokin shari'a ta jiha ce ke naɗa majistare da ladabtar da shi. A takarda ƙaramar kotu ce. A rayuwar yau da kullum kuwa, nan ake kai satar waya, da faɗan unguwa, da cin amana, da zamba cikin aminci. Mutane da yawa za su rayu su mutu ba su taka babbar kotu ba. Abin da suka gani a gaban majistare ko alƙalin kotun shari'a, shi ne abin da za su kira adalcin gwamnati.

Mu a Arewa alƙalanci ba baƙo ba ne. Turawa sun tarar da alƙalai a masarautu, suka bar su da sunan kotunan gargajiya a ƙarƙashin En'e, suka kafa nasu a gefe. A 1960 dokar Final Kod ta fara aiki, wadda aka tsara bisa ta Sudan, ita kuma ta samo tushe daga ta Indiya. Gwamnatin soja ta karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan daga shekarar 2000 jihohi irin su Zamfara da Kano suka kafa kotunan shari'ar Musulunci. Shi ya sa a gari ɗaya ake samun kotuna iri biyu, kowace da huruminta.

Babban aikin majistare, a ganina, ya fi yanke hukunci nauyi: shi ne ke tsayawa tsakanin mai kamawa da wanda aka kama. Ɗan sanda na ɓangaren zartarwa ne, yana da bindiga da ankwa da ɗakin tsarewa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Hikimar ita ce wani wanda ba shi ya yi kamun ba ya duba dalili. Sashe na 36 kuma ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. To amsar tambayar uwar nan: ba a ɗaure ɗanta ba. A idon doka har yanzu bai yi komai ba.

Amma zai kwana inda masu laifi ke kwana. Kisan kai da fashi da makami na babbar kotu ne, sai 'yan sanda su kai mutum gaban majistare don a samu izinin ajiye shi kawai. A 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, Kotun Ƙoli ta amince majistare na da wannan iko. Matsalar tana zuwa ne bayan haka. Fayil ya tafi ma'aikatar shari'a, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki, kotu ta riƙa ɗage zama, wata ya zama shekara. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Akwai waɗanda zaman jiransu ya zarce ɗaurin da za a yi musu da an same su da laifin.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Kaduna ta yi irin tata a 2017, Kano a 2019, ta ce umarnin ajiya na farko kada ya wuce kwana 14. Ana iya sabunta shi, amma da iyaka. Bayan nan dole hukuma ta zo ta bayyana dalilin ci gaba da tsarewa, in ta kasa a saki mutum. Sashe na 34 na dokar tarayyar ya ɗora wa babban majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda ya dace. Dokar ta hana kama uba a madadin ɗa, ta hana tsare mutum saboda rigimar bashi ko ciniki, ta kuma bai wa mace damar tsaya wa wani beli. Majistaren da ya riƙe waɗannan da gaske zai fitar da mutane da yawa daga ƙunci ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Sai dai a yi masa adalci shi ma. A kotuna da yawa da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa, shaida bayan shaida, a ɗaki mai zafi ba wuta. Wani ba shi da motar zuwa aiki, balle ta zagayen ofisoshin 'yan sanda. Albashinsa da ƙarin girmansa a jiha suke, kuma ba shi da irin kariyar da kundin tsarin mulki ya ba alƙalan manyan kotuna wajen tsigewa. Wanda ke cikin wannan hali, idan aka kawo masa yaron da ya soki gwamna a Facebook, yana buƙatar zuciya kafin ya ba da beli. Kan batun cin gashin kan kotuna ta fuskar kuɗi ne ma'aikatan shari'a suka rufe kotunan ƙasar nan kimanin wata biyu a 2021, kuma waɗanda suka fi jin jiki a lokacin su ne na tsare.

Ina roƙon gwamnonin jihohi su sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa kai tsaye, manyan jojoji kuma su riƙa tambayar rahoton ziyarar wata-wata. Kai kuma mai karatu, idan aka ajiye naka, ka rubuta ranar da aka ba da umarnin, ka ƙirga kwanakin da kotu ta ɗiba, ka koma kotun ka tambaya. In ba ka da halin ɗaukar lauya, ka nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi.