Cire Manhajojin Gwaji Daga Kwamfuta: Bayani Ga Ɗalibai Da Iyayensu



'Yan'uwa Musulmi, yau a Zangon Lome kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga gidaje da yawa. Ɗaliban Jami'ar Lome suna rubuta bincikensu da ita, malaman Islamiyya suna ajiye littattafai da karatuttukan tafsiri a ciki, 'yan kasuwar Agoè-Zongo kuma suna lissafi. Wasu sababbi suke saya, mafi yawa kuma gwanjo ne da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome. Kukan da muke yawan ji shi ne nauyin na'ura da wani saƙo da ke ta faɗowa yana neman kuɗi.

Sau da yawa sababin haka shi ne manhajar gwaji. Kamfanonin riga-kafi irin su McAfee da Norton suna biyan masu ƙera kwamfuta domin a ɗora manhajarsu tun daga masana'anta. Tana aiki kyauta na ɗan lokaci, galibi kwana 30, daga nan sai ta nemi kuɗin shekara. Ko wa'adin ya ƙare tana nan tana tashi tare da na'urar, tana cin batir da data. Wani lokaci abin ya wuce nauyi kawai: a shekarar 2015 aka gano manhajar talla mai suna Superfish a wasu kwamfutocin Lenovo, wadda ta raunana tsaron masu shiga shafukan intanet, har maganar ta kai gaban hukumomin Amurka.

Kafin a cire komai, a kwashe muhimman takardu zuwa wata ma'ajiya ta waje. Sannan a shiga saitin na'urar. A kwamfutocinmu masu Faransanci za a danna Paramètres, sai Applications, a nemo sunan manhajar a jerin, a danna Désinstaller, a kashe na'urar a sake kunnawa. Goge hoton manhaja daga fuskar allo ba ya cire ta, kamar wanda ya cire allon shago ne alhali kaya na ciki. In riga-kafin ya ƙi fita, kamfanin McAfee yana da kayan cirewa mai suna MCPR, Norton ma yana da nasa, amma daga shafin kamfanin kaɗai za a sauko da su.

A kiyaye abubuwa uku. Na farko, kada a taɓa abin da ba a gane ba, musamman masu sunan Intel, Realtek ko Microsoft Visual C++, domin sauti da hoto da wasu manhajoji sun dogara da su. Na biyu, bayan cirewa a buɗe Sécurité Windows a tabbatar Microsoft Defender yana aiki. Shi riga-kafi ne da ke zuwa cikin Windows 10 da 11 ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na uku, wanda ya taɓa shigar da lambar katin banki don gwaji, misali na Microsoft 365, ya sani cire manhaja ba ya tsayar da cirar kuɗi. Sai ya shiga asusunsa ya soke sabuntawar da kansa.

Akwai kuma gefen shari'a. Idan gwaji ya ƙare, wasu masu gyara sukan ce za su sa wa mutum fasasshiyar manhaja a kan kuɗi kaɗan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Ga shi kuma irin waɗannan manhajoji sukan zo da ɓoyayyar cuta mai satar lambobin sirri. Alhali akwai halattacciyar mafita: LibreOffice kyauta ce da izinin masu ita, tana rubutu da lissafi, tana buɗe takardun Word da Excel.

Haka nan biyan kuɗin abin da ba a amfani da shi almubazzaranci ne, kuma addininmu ya hana tozarta dukiya. Uban da ya tara sefa da gumin goshinsa ya saya wa ɗansa kwamfuta, amana ya ɗora masa.

Muna kira ga matasanmu da suka iya wannan aiki su taimaki dattawa da malamai bayan sallah, su kuma kame idanunsu daga hotuna da takardun mutane, domin abin da ke cikin na'urar ɗan'uwanka sirrinsa ne.

Allah Ya sa mu amfana da abin da Ya hore mana, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Amin.