Idan Makaniki Ya Ɓata Maka Babur, Ga Hanyar Neman Haƙƙinka

Babur shi ne jarin ɗan acaɓa, shi ke kai manomi gona, shi ke kai ɗalibi makaranta. Saboda haka idan mutum ya kai Boxer ko Jincheng ɗinsa gareji aka sauke inji, ya biya kuɗin fistin da ringi, bayan 'yan kwanaki kuma babur ya koma hayaƙi da shan baƙin mai, dole ransa ya ɓaci. Sai dai da yawa daga masu babur suna da gaskiya amma su tashi a tutar babu, saboda ba su riƙe wata hujja ba.

Ɓacin aiki yakan fito ta hanya uku. Wani lokaci jabun kaya aka saka, alhali kuɗin mai kyau aka karɓa. Wani lokaci ogan gareji ne ya bar wa yaransa aikin, suka ɗaure gaskit a karkace ko suka kasa saita bawul. Akwai kuma laifin mai babur, domin injin da aka yi wa sabon ringi yana buƙatar lallaɓawa: ba gudu, ba lodi mai nauyi, a kuma canza baƙin mai da wuri. Wanda ya ɗora buhunan masara washegarin gyara ya rage wa kansa bakin magana.

Rigakafin rikici yana farawa tun kafin a taɓa sifana. Ku yi magana ƙarara a gaban shaida: me za a gyara, nawa ne kuɗin aiki, nawa ne na kaya. In da hali, je ka sayo kayan da kanka ka karɓi rasit. Ka nemi a ba ka tsofaffin kayan da aka cire. Biya ta banki ya fi, domin yana barin shaida.

In matsala ta ɓullo, ajiye babur ɗin, musamman in birki ne ko sarƙa, don rai ya fi kuɗin gyara. Ɗauki bidiyon hayaƙin ko ƙarar da wayarka. Kada ka yi saurin kai shi wani gareji. Da zarar wani ya buɗe injin, na farko zai ce ba haka ya bar shi ba, kuma da wuya ka ƙaryata shi. Koma wurin ogan, ka ja shi gefe: "Oga, ga aikin nan ya dawo, don Allah a duba." Mai sana'a ya fi saurin karɓar kuskure idan ba a tozarta shi gaban yaransa ba. Faɗi abin da kake so: a sake aikin kyauta, a canza kayan, ko a mayar da kuɗi.

In ya ƙi, kai maganar ga shugaban ƙungiyar makanikan wurin. Su sun san aiki, suna iya buɗe injin a gaban kowa su faɗi inda laifi yake. Daga nan akwai mai unguwa, akwai Hisba a jihohin da take aiki, duk suna yin sulhu. A fiƙihun Malikiyya ma, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane yana lamunce abin da ya lalace a hannunsa, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne.

Dokar ƙasa ma tana bayanka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Jihohi irin su Kano da Legas suna da kotun ƙananan ƙararraki, inda mutum ke gabatar da ƙararsa ko ba lauya.

A kula da wani abu: saɓanin gyara ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Amma wanda ya kai hannu, ko ya kwashe kayan aikin makaniki, ko ya kira shi ɓarawo a Facebook ba hujja, shi zai koma wanda ake tuhuma.

Jama'a, mu riƙa karɓar rasit, mu kafa shaida, mu bi mataki. Ku kuma makanikai, ku ji tsoron Allah a kan amanar da aka ba ku: aikin da ya ɓaci a hannunku, ku gyara shi tun ba a kai ga hukuma ba.