Yadda Katalog Yake Tsara Dubban Hotuna a Kwamfuta

Mai ɗaukar hoton biki yakan dawo gida da ɗaruruwan hotuna a rana guda. Bayan shekara biyu amarya ta aiko neman hoton kamu, sai a shiga lalube. Irin wannan wahala ce manhajar Lightroom, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 2007, take magancewa ta hanyar katalog.

Katalog kundi ne da ke riƙe bayanin inda kowane hoto yake, ranar ɗaukarsa, irin kyamarar, da duk gyaran da aka yi masa. Ko an ƙara haske ko an yanke gefe, asalin hoton ba ya taɓuwa. Aikinsa kamar rajistar laburare ne: tana nuna wurin littafi, littafin kuwa yana kan kanta.

Shi ya sa idan aka matsar da folda ko aka sauya mata suna a wajen manhajar, alamar tambaya take bayyana a kanta, kuma sai an nuna wa Lightroom sabon wurin.

Ƙwararru kan tace hotuna tun ranar shigar da su. Sukan ba su taurari daga 1 zuwa 5, su danna P ga wanda suka zaɓa, X ga wanda za a zubar, sannan su liƙa kalmomin nema kamar suna, gari da irin taro. Manhajojin kyauta irin su darktable da digiKam ma suna wannan aiki.

Ajiyar kariya da Lightroom ke yi ta katalog ce kaɗai, ba ta haɗa da hotunan. Wajibi ne a kwafe su daban a wata ma'ajiya ta waje.