Tabbatar da Ingancin Hanyar Ƙira a Masana'antun Kayan Mota: Waiwaye Daga Sabon Ibadan

1.0 Gabatarwa

Unguwar Sabo da ke Mokola a Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, ta ginu ne a kan fataucin shanu da goro: shanu su gangaro kudu, goro ya haura arewa, da farko ta jirgin ƙasa, daga bisani a manyan motoci. Saboda haka dukiyar mutanen wannan unguwa, har ma da rayukansu, sun daɗe suna rataye a kan ƙarafan mota. Direban da ya sayi sifirin a kasuwar Agodi Gate zai iya auna tsawonsa, ya ƙwanƙwasa shi, ya dubi fentinsa, amma ba zai san ko an gasa ƙarfen yadda ya kamata ba sai ranar da ya karye masa tsakanin Jebba da Mokwa, da shanu a baya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana'antun mota na duniya suka tunkari wannan matsala, wato ta hanyar tabbatar da ingancin hanyar ƙira kanta tun kafin a soma sayar da abin da aka ƙera.

2.0 Duba Kaya da Tabbatar da Hanya

Akwai bambanci tsakanin waɗannan abubuwa biyu, kuma fataken goro sun san shi tun ba yau ba. Attajirin da aka aika wa huhu ɗari a Kano ba ya kwance su duka ya bi goro ɗaya bayan ɗaya yana neman sankara. Abin da yake dogara a kai shi ne hannun da ya zaɓi goron, ya jera shi cikin ganye, ya ɗaure. Masani Abner Cohen, a littafin da ya wallafa kan Sabo a 1969, ya nuna yadda wannan ciniki ya tsayu a kan amana tsakanin maigida da dillali da baƙo. Masana'antar mota ma tana neman irin wannan amana, sai dai ita ba ta karɓar shaidar baki. Rubutacciyar hujja take so, mai ɗauke da alƙaluma.

Buƙatar ta fi tsanani a ayyukan da ido ba ya iya tantance sakamakonsu, kamar walda da fenti da gasa ƙarfe a tsoma shi cikin mai domin ya yi tauri. Ba a sanin ƙarfin walda sai an ɓalle ta, wadda aka ɓalle kuwa ba ta sayuwa. Ke nan mafita ita ce a tsayar da zafin tanderu da tsawon lokaci da irin ƙarfen da ƙwarewar ma'aikaci, a gwada, a tabbatar cewa muddin aka bi wannan tsari to abin da zai fito nagari ne.

3.0 Ƙa'idojin

A 1987 aka fitar da ISO 9001 domin kowace irin masana'anta. Kamfanonin Ford da General Motors da Chrysler na Amurka suka ga bai wadatar da su ba, suka fito da QS-9000 a 1994. Da yake Jamus da Faransa da Italiya kowace na da nata, sai aka haɗe su a ISO/TS 16949 a 1999, wanda IATF 16949 ya maye gurbinsa a 2016.

3.1 Yadda Ake Tabbatarwa

Tun kafin a kunna inji, injiniyoyi kan zauna su bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya suna tambaya: me zai iya lalacewa a nan, yaya muninsa, sau nawa zai iya faruwa, kuma za a gano shi kafin kaya su fita? Kowace daga cikin tambayoyi uku na ƙarshe ana ba ta maki daga 1 zuwa 10. Wannan shi ake kira FMEA, kuma daga gare shi ake tsara takardar da ke faɗa wa ma'aikaci abin da zai auna da lokacin da zai auna shi.

Daga nan sai a gwada ma'aunin kansa, matakin da ƙananan masana'antu suka fi yin sakaci da shi. Bisa al'ada akan ɗauki kaya 10, a ba mutum 3, kowa ya auna su sau biyu ko uku ba tare da ganin sakamakon ɗan'uwansa ba. Idan kuskuren da ke fitowa daga ma'auni da masu awo bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, an yarda da shi. Idan ya wuce kashi 30, an ƙi shi. Hikimar a fili take, domin mudun da ya lotse ba ya raba gardama a kasuwa.

Babban mataki shi ne wanda ake kira PPAP, wato neman amincewar mai saye. Ba a yarda mai ƙira ya zaɓi gwaninsa ya ƙera samfuri biyar masu kyau ya aika ba. Ƙa'idar ta ce a yi aiki na sa'a 1 zuwa 8, a fitar da aƙalla kaya 300 a jere, a ainihin masana'antar, da injinan da ma'aikatan da kayan aikin da za a ci gaba da amfani da su, kuma da irin saurin da aka yi alkawari, sai fa in mai saye ya gindaya wani adadi. Daga cikin waɗannan ake awo a lissafa iyawar hanyar. A ce misali an buƙaci ƙusa mai kaurin milimita 20, aka yi rangwamen 0.05 sama ko ƙasa. Bai isa a ce duk waɗanda aka auna sun faɗa cikin iyaka ba. Ana duba ko sun taru a tsakiya ne, ko kuwa suna rarrabe har bakin iyaka, inda ɗan canjin zafi zai tura na gobe waje. Alƙalamin da ya haura 1.67 karɓaɓɓe ne, wanda ya gaza 1.33 kuwa ba a karɓarsa. Dukkan hujjojin, waɗanda suka kasu gida 18, ana tattara su tare da takardar lamuni da mai ƙira ke sa wa hannu.

Abin lura shi ne amincewar ba ta dindindin ba ce. Idan aka sauya mai kawo ƙarfe, ko aka mayar da inji wata masana'anta, ko kayan ƙirar suka yi wata 12 ba a yi aiki da su ba, wajibi ne a sanar da mai saye, shi kuma yana iya cewa a sake gwaji.

4.0 Halin da Nijeriya Take Ciki

A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, da Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauci, da Fiat a Kano, da Mercedes a Inugu, sai Leyland a nan Ibadan. Burin shi ne a riƙa ƙera sassan a gida sannu a hankali. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, yawancin masana'antun suka durƙushe, masu ƙera musu batir da gilashi da taya suka bi su. Manufar motoci ta 2013 ta sake farfaɗo da wancan buri, amma a wata duniya dabam, wadda babban kamfanin mota ba ya sayen ko noti daga wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Ba ƙwarewa ce ta yi ƙaranci ba. Duk wanda ya ga aikin masu walda da bakanikai a garejojin Ibadan ko Panteka ta Kaduna zai shaida haka. Cikas ɗin yana wajen maimaita abu iri ɗaya sau dubu, da ajiye shaidar an yi. Nan ne matsalar wutar lantarki ke shigowa. IATF 16949 ya wajabta a sake tantance kaya bayan duk wata tsayawar aiki, ta shiri ko ta ba-zata, ya kuma nemi a yi tanadin katsewar wuta da ruwa. A Jamus wannan sharaɗi kan taso jefi-jefi. A wurin mai gasa sifirin a Ibadan kuwa, duk lokacin da wuta ta ɗauke zafin tanderu ya sauka kafin janareta ya ɗauka, ƙarafan da ke ciki sun fita daga tsarin da aka amince da shi, dole a ware su, a yi musu alama, a auna taurinsu kafin a bari su shiga motar da za ta kai su kasuwa.