Abin da Ke Sa Birkin Keke Kuka

Daddara gari ne a ƙasar Jibiya, cikin Jihar Katsina. Yana bisa hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Jibiya, ta bi ta Magama, ta ƙetare iyaka zuwa Maraɗi ta ƙasar Nijar. Ƙasar wurin rairayi gare ta, da hunturu kuwa ga ƙura. Mutane da yawa a wannan yanki da keke suke zuwa gona, da kasuwa, da makaranta. Wani ma har ya ɗora masa buhun gero ko jarkokin ruwa.

Kekunan da aka saba da su tun dā, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, birkinsu roba ce mai kama bakin wili. Amma akwai wani iri wanda ya soma yaɗuwa a Turai da Amurka cikin shekarun 1990. Shi wannan an ɗaura masa faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafa. In mahayi ya matsa birki, sai waɗansu 'yan takalma biyu su damƙe faifan, ɗaya ta nan, ɗaya ta can, kamar yadda mutum kan riƙe kwabo da yatsu biyu. Birki ne mai ci ƙwarai, ko cikin ruwan sama. Sai dai ba ya son karkata ko kaɗan. Faɗin faifan galibi milimita 160 ne, kaurinsa bai cika milimita 2 ba. Ratar da ke tsakaninsa da kowane takalmi kuwa ko kaurin farce ba ta kai ba. Saboda haka da zarar faifai ya goce daga tsakiya, sai a ji shi yana gugar takalmi, ƙii, ƙii, ƙii.

To, galibin mutane in sun ji wannan kuka sai su ɗauki filaya su dinga lanƙwasa faifai. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Faifai ba shi da gindin kansa, a jikin cibiyar ƙafa yake, wadda masu gyara ke kira hob. Duk inda ta yi, nan zai bi.

Cibiyar nan wani ɗan bututun ƙarfe ne inda wayoyin ƙafa duka suka taru. Ta cikinta wani sandan ƙarfe ya ratsa, shi ne aksil, shi ake ɗaurewa a jikin keke. Aksil ba ya juyawa, cibiya ce ke juyawa a kansa. Abin da ke sa ta juya sumul kuwa su ne 'ya'yan boris, waɗansu 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke zaune cikin giris. A ƙafar baya akan sami 9 a kowane gefe, a ta gaba 10, amma na gaban sun fi ƙanƙanta. Akwai wani noti mai tsinin baki da ke tokare su daga waje, bayansa kuma wani noti na kulle shi.

In ƙura ta shiga ciki ta gauraya da giris, sai ta zama kamar dutsen wāshi. A hankali ta cinye 'ya'yan boris, ta yi wa mai tsinin bakin rami-rami. Sai rata ta samu, cibiya ta soma rawa bisa aksil kamar mazarin da ya kusa tsayawa, faifai kuma ya taya ta. Haka yake aukuwa in notin kulle ya kwance. Kaya masu nauyi su kuma sukan lanƙwasa aksil na baya, ƙafar duka ta zauna a karkace.

Akwai wata illa wadda ta fi waɗannan wuyar ganewa. Da kusoshi 6 ake ɗaure faifai a jikin cibiya. Daga tsakiya zuwa kowace ƙusa milimita 22 ne, daga tsakiya zuwa bakin faifai kuwa milimita 80. Watau in ƙwayar rairayi ɗaya ta maƙale a ƙarƙashin faifai wajen ƙusa, karkatar da za ta jawo a can baki ta kusa ninki huɗu na kaurinta. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta hana mutum sakewa tun daga Daddara har Jibiya.

Bakanike mai hankali ba ya taɓa faifai sai ya yi bincike tukuna. Da fari yakan ɗaga keke, ya kama taya, ya girgiza ta hagu da dama. In ya ji ƙwas-ƙwas, ya san boris ne. Sa'an nan ya juya ƙafa, ya kasa kunne. Kukan da ke zuwa sau ɗaya a kowane zagaye, faifai ne ya tanƙware, ko kuwa mazauninsa ba daidai ba. Kukan da ba ya yankewa, ko ƙafa ce ba ta zauna sosai a gurbinta ba, ko aksil ya lanƙwashe, ko gidan takalman ya goce. In kuwa ba a jin kome sai an hau an sha kwana, to, rawar cibiya ce. Aksil shi kuma a zare shi a gangara shi bisa gilashi ko tebur mai laushi; in ya lanƙwashe, zai riƙa ɗingishi.

Gyaran ba shi da tsada. A kwance cibiya, a wanke kome da kananzir, a canja abin da ya cinye, a sa sabon giris. Wajen ɗauri ne gwaninta take: in an matsa da yawa ƙafa ta ƙi juyawa, in an sassauta ta koma rawa. Bayan cibiya ta tsaya daidai, sa'an nan a daidaita gidan takalma, faifai ya zauna tsakiyarsu.

Waɗansu don su huta da kukan sai su buɗa takalman, su nisanta su daga faifai. Kuka kam ya ɗauke, amma birki ya rage ci, ga shi hanyar Jibiya ba ta rabuwa da manyan motoci. Wannan ganganci ne. Mai gyara kuma ya kula kada giris ya taɓa faifai, gama in takalma suka sha mai sai sulɓi, ba su ƙara kamawa sosai sai an sake waɗansu.