"Ai Dama Can Ba Su da Lafiya"

A watan Janairun 2022, shugabar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, Dakta Rochelle Walensky, ta fito a shirin safe na gidan talabijin na ABC tana bayani kan waɗanda korona ta kashe bayan an yi musu riga-kafi. Ta ce sama da kashi 75 cikin 100 nasu suna fama da wasu cututtuka aƙalla huɗu, wato dama can ba su da lafiya, ta kuma kira wannan labari mai ƙarfafa gwiwa. Abin da take nufi shi ne allurar tana aiki. Amma mai ciwon ƙoda da suga, ko wanda yake kan keken guragu, abin da ya ji daban ne: da mutuwarsa ake yi wa jama'a albishir. Wata marubuciya mai larurar shanyewar jiki, Imani Barbarin, ta ɗaga maudu'i a Twitter mai cewa rayuwar naƙasasshe ma tana da daraja, mutane suka yi ta sako hotunansu da labaransu. Bayan mako guda Walensky ta zauna da ƙungiyoyinsu ta ba da haƙuri.

Ba ita ta fara ba. Tun 2020, duk inda aka yi gardamar kulle a Facebook ko Twitter, sai wani ya ce ai tsofaffi da masu larura kaɗai cutar take ɗauka, a killace su a bar sauran jama'a su fita neman abinci. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga wanda kulle ya rufe wa shago, kuma kukansa na gaskiya ne. Sai dai mai larura ba shi kaɗai yake zaune a ɗaki ba. Akwai mai shigowa ya yi masa wanka, ya juya shi, ya ba shi abinci, kuma wannan mutumin motar haya ya hau kafin ya iso. Ta yaya za a killace wanda rayuwarsa take hannun mai shige da fice? Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta gano cewa daga Janairu zuwa Nuwamban 2020, kusan shida cikin kowane mutum goma da korona ta kashe a Ingila naƙasassu ne. A wannan lokacin ne kuma aka samu wuraren da aka rubuta a takardun asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa cewa kada a yi ƙoƙarin farfaɗo da su idan zuciya ta tsaya, ba tare da an shawarce su ko iyalansu ba.

Masu goyon bayan dokokin korona ma ba su tsira ba, kuma a ganina tasu ta fi ciwo, domin suna ganin aikin lada suke yi. Ranar 24 ga Yulin 2020 aka wajabta sa takunkumin fuska a shagunan Ingila, aka ɗauke wa wasu: mai larurar numfashi, mai galahanga da ba ya jure abu a fuskarsa, da mai rakiyar kurma wanda da motsin leɓe yake gane magana. Duk da haka aka riƙa ɗaukar hotunan marasa takunkumi ana watsawa da zagi, ba tambaya. Su kuma masu ƙin doka suka shiga sayen alamun uzuri ta intanet suna ratayawa. A Amurka har sai da Ma'aikatar Shari'a ta fito ta ce katunan uzurin da ke yawo jabu ne. Sai mai uzurin gaskiya ya zama abin zargi a kowane layin biyan kuɗi.

A nan gida ma, lokacin da aka kulle Kano a Afrilun 2020, saƙon da ke yawo a WhatsApp shi ne a ba da tazara, a daina taɓa abubuwa, a yawaita wanke hannu. Makaho fa, wanda hannunsa ke kafaɗar ɗan jagora? Gurgun da ke tafiya da tafukansa a ƙasa fa, wanda famfon da aka girka a ƙofar banki ya fi ƙarfin tsayinsa? Ba a cika jin tasu a cikin gardamar ba.

Alhali Kano ta taɓa gwada jin tasu. Bayan ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, waɗanda cutar ta shanye wa ƙafafu, irin su Aminu Ahmed Tudun Wada, suka shiga unguwanni a kan kekunansu suna zama da magidanta, suna cewa Malam, dube ni, ka bari a ɗiga wa yaronka. Uban da ya sallami ma'aikacin lafiya daga ƙofar gida, da wuya ya iya musu da wannan. Ranar 25 ga Agustan 2020, ana tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.